Rigar Kin-Fi-Su Da Zanen Gwaggo Kulu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata da ke bibiyar wannan shafi. Don Allah a daure a karanta wannan har ƙarshe.

Akwai wata mata mai suna Barira a wani ƙauye da ke tsakanin gonakin Makoda. Tana da shagon kayan mata a bakin hanyar da motocin kasuwa ke bi. Ɗaki ɗaya ne da aka fasa wa ƙofa ta waje, amma ta sa an rubuta masa "Butik" da jan fenti, kuma ba ta yarda a kira shi da wani suna.

Maganar gaskiya, Allah ya ba ta ido. Mace za ta shigo, Barira ta dube ta sau ɗaya ta ce, "Ke gajera ce, bar mai manyan furannin nan, ɗauki mai ratsi a tsaye." Ko ta ce, "Kada ki bari tela ya yi miki kwala, wuyanki ba zai ɗauka ba." In an ɗinka kuwa sai a ga haka ne. Duk sabon yayin da ya shigo ƙauyen, ta ƙofarta yake shigowa. Da ta ga haka, sai ta fara jin cewa ita ce ma'aunin kowace mace.

Sai shekarun nan masu wuya suka zo. Kun san su, ba sai na tsaya bayani ba. Taki ya gagari manomi, shiga mota zuwa birni ya koma sai dole, atamfar kirki ta zama abin kallo. Matan da suka fara girki da gas suka tura tukunyar ƙarƙashin gado, suka koma kan kara da gawayi. Sallah ta zo ta wuce, kayan Barira suna rataye ba mai ko tayawa.

Wata rana ta shiga birni, ta dawo da wani sabon yadi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, yana sheƙi kamar an watsa masa ruwa, ga shi da araha. Ita ta raɗa masa suna da kanta, Kin-Fi-Su. Ta kuma fito masa da ɗinki: doguwar riga mai hannu kamar fiffike, in mace ta sauke hannunta sai ya zubo har gwiwa. Ta sa wa mutum-mutumin ƙofar shago guda ɗaya.

Kafin a ce kwabo, ƙauye ya ɗauka. Macen da ta daɗe ba ta ɗinka ko ɗankwali ba ta samu abin da za ta iya. Shago ya dawo da rai.

Ana cikin haka Gwaggo Kulu ta shigo. Ita gwaggon mijin Barira ce, tsohuwa mai ƙarfi, kullum da wani baƙin zanen saƙi mai kauri a kafaɗarta, shi ne mayafinta rani da damina. Ta kama gefen yadin ta murza da yatsu.

"Ke Barira, wannan tufa ce ko ledar burodi?"

Matan da ke shagon suka yi dariya. Barira ba ta ji daɗi ba.

"Gwaggo, ai ba irin naku ba ne. Ku sai bargo. Wannan abin da kike yawo da shi, ko jaki aka ɗora wa sai ya yi ƙara."

"Jakin ya fi ki sanin darajarsa. Uwata ce ta kaɗa zarensa."

"To Allah ya jiƙanta, amma ki taimaka ranar biki, in an zo ɗaukar hoto ki koma baya, kada ki duhunta mana."

Aka sake kwashewa da dariya. Gwaggo Kulu ta gyara zanenta ta fita.

Bikin da ake magana na Fanna ne, 'yar Ya Sa'adiya. Su asalinsu mutanen Borno ne, tun kakanni suke zaune a ƙauyen suna noma, amma abu ɗaya ba su bari ba: turaren wuta. In an yi biki a gidansu, har layi na uku sai an san an yi. Ya Sa'adiya ta zaɓi Kin-Fi-Su ya zama anko, kore na mata, mai ruwan zinare na amarya. Kusan babu gidan da rigar ba ta shiga ba.

Ana saura kwanaki kaɗan biki, da safe Barira ta buɗe shago ta zuba garwashi a kasko za ta turara wurin kamar yadda ta saba. Ta ajiye kaskon a ƙasa kusa da mutum-mutumin, ta juya ɗauko turare. Iska ta ɗan kaɗa hannun rigar ya shafi bakin kaskon.

Abin da ta ji kawai shi ne "fuu!"

Kafin ta gama juyowa, wuta ta hau daga hannu ta kai wuya. Yadin ba ci yake yi kamar tufa ba, narkewa yake yana ɗiga, kowane ɗigo da wutarsa. Ta fizgo buta ta watsa, ɗigo ɗaya ya sauka a wuyan hannunta ya manne. Sai da ta haɗa da yashin bakin ƙofa sannan wutar ta mutu.

Ta tsaya tana haki, tana kallon baƙin abin da ya manne a jikin mutum-mutumin kamar kwalta. Ba a yi numfashi uku ba. Da mutum ne a ciki fa?

Ta leƙa waje. Ba kowa a hanya sai awaki.

Ta ja ƙofa ta rufe. Ta kankare abin da zai kankaru, ta sa wa mutum-mutumin wata rigar, ta ɗaure wuyan hannunta da tsumma. Da mijinta Basiru ya tambaya da rana, ta ce mai ne ya fantsar mata.

Tun daga wannan safiya tsoro ya shige ta, bai kuma barin ta ba.

In ta ga hayaƙi ya taso daga bayan katangar wani gida, sai gabanta ya faɗi. In yara suka yi ihu a wurin wasa, sai ta miƙe tsaye zumbur. Ta tayar da sallah ta rasa raka'a nawa ta yi. Tuwo ma sai ta ture shi gefe.

Ta san abin da ya kamata. Ta zaga gida gida ta ce, "Yadin nan da na sayar muku wuta yake ci, kada ku sa." Amma da ta kai nan sai wata zuciyar ta ce mata: wa zai sake taka ƙofarki? Ke da kika ce ledar burodi ta fi zanen saƙi? Ke da ake cewa in Barira ta zaɓa an gama? A wannan marra, in shagon ya mutu, da me za a taimaki gida?

Sai ta samo wata dabara. Za ta hana su kusantar wuta, amma ba za ta faɗi dalili ba.

Duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta ɗaga kai ta ce, "Kin ga, wannan kayan 'yan gayu ne. A birni ba a turara shi, an daina yayin hayaƙi, turaren fesawa ake sa masa. Kuma ba a shiga madafa da shi, ƙauyanci ne."

Matan suka riƙa dariya. Wata ta ce, "To Hajiyar birni, wa zai sauke mana tukunya, mijinki?" Wata ta ce, "Kaya ba turare ai kamar miya ba gishiri." Ba wadda ta ji gargaɗi a ciki, duk sun ɗauka iyayin Barira ne da suka saba.

Ta daure ta je wurin Ya Sa'adiya, ta same ta a tsakar gida tana haɗa turare a babban faranti.

"Ya Sa'adiya, rigar amarya fa, ina ganin a bar ta haka kada a turara. Hayaƙi yana kashe mata sheƙi."

Ya Sa'adiya ta ajiye ludayin hannunta ta dube ta.

"Barira, lafiyarki kuwa? 'Yata ce za ta fita ba ta sha hayaƙi ba? A gidanmu amarya da rigarta a jiki take tsayawa kan kasko, har sai ƙamshi ya kama zare ya kama fata. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata. Sheƙin ya mutu mana, ai ba shi mijin zai shaƙa ba."

Maganar tana bakin Barira. Ta buɗe baki, ta ga mata biyu a gefe suna tsince shinkafa sun kasa kunne. Sai ta ce, "Haka ne," ta yi sallama ta fito.

Abu ɗaya ta yi da ta koma gida. Tana da 'ya budurwa, Asama'u, ƙawar amarya ce ta kusa. Barira ta ɗauke rigar ankon yarinyar ta tura can ƙasan akwati ta sa kwaɗo.

"Umma, ina rigata?"

"Ɗinkin bai zauna ba, sai an gyara. Ki sa atamfarki ta sallar bara."

"Haba Umma! Ke kika fito da ankon, ni kuma 'yarki in tafi da tsohuwar atamfa? Wallahi sai an yi da ni."

"Na gama magana."

Asama'u ta yi kuka ta gaji. Barira ta ji wani ɗan sanyi a ranta: ko me zai faru, tata dai ta tsira.

Ranar kai amarya Barira ta ce kanta ke ciwo, ta ƙi fita. Ta zauna a bakin ɗaki tana jiyo kiɗan ƙwarya daga gidan biki. Ƙamshin turare yana zuwa har inda take, kuma duk shaƙa ɗaya sai ta ji kamar an soka mata allura. Ta tashi ta buɗe akwati, ta ga rigar tana nan, ta mayar ta rufe. Ta ɗauki carbi, ta kasa ja.

Bayan la'asar wata maƙwabciya ta leƙo ɗaukar tabarma.

"Sannu da jiki, Barira. Kai, amma yau 'yarki ta ƙure kowa! Rigar nan kamar don ita aka yi yadin."

"Wace riga?"

"Ankon mana. Ta maƙwabciyarmu Larai ce, tunda ita tana jego ba za ta fita ba, shi ne ta ara mata. Ai 'yar taki ma aka ɗora wa hidimar garwashi, sai kai da kawowa take, ana shirin turara amarya."

Barira ba ta san lokacin da ta fita ba. Ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta bi ta lungu tana gudu tana faɗin, "Ya Allah, Ya Allah," ba ta iya haɗa wata addu'ar ba.

Da ta faɗa tsakar gidan, abin da ta gani ya tsayar mata da jini. Gida cike da mata, kowacce cikin koren Kin-Fi-Su, hannuwa suna ta kaɗawa. A kusurwa murhu uku suna ci da kara. Wata tana juya tukunya ta naɗe fiffikenta a kafaɗa, yana zamowa tana mayarwa. Wata da goyo ta tsaya daf da wuta tana hira.

Ga Asama'u nan ta taso daga wurin murhu, ta riƙo kasko cike da jan garwashi da hannu biyu, ta nufi ɗakin amarya. Hannuwan rigar sun zubo ta kowane gefe suna lilo kusa da kaskon.

"Asama'u," in ji Barira a hankali, don kada ta firgita ta. "Tsaya. Ajiye."

Kiɗa ya danne muryar. Yarinyar tana ta tafiya.

"Asama'u!"

Ta juyo da sauri. Hannun rigar na dama ya taso ya faɗa kan garwashin.

Fuu!

Kasko ya faɗi ya tarwatse. Yarinyar ta ƙwalla ƙara ta fara yarfa hannu, wutar tana hawa. Mata suka yo kanta, wasu sun ɗaga hannuwan rigunansu za su bubbuge wutar da su.

A nan ne abin da Barira ta danne ya fito da kansa.

"Kada ku matso! Ku ja baya! Duk rigunanku haka suke, wuta suke ci! Ku ja da baya don Allah!"

Mata suka watse suna salati, suna tattare hannuwa, suna tsallake garwashin da ya bazu. Barira ta kama wutar da tafin hannunta, yadin ya narke ya manne mata, wutar ba ta mutu ba.

Sai wani baƙin abu mai nauyi ya sauko a kan yarinyar. Gwaggo Kulu ce. Ta fito daga can baya inda take zaune, ta cire zanen saƙinta ta lulluɓe Asama'u da shi tun daga kafaɗa, ta rungume ta ta kayar da ita ƙasa, ta danne da dukkan ƙarfinta.

"Kwanta, 'yar nan, kwanta! Kada ki motsa. A kawo ruwa, ku kuma kun tsaya kallo!"

Hayaƙi ya ɗan fito ta gefen zanen, ya tsaya. Wuta ta mutu.

Gidan ya yi tsit, sai kukan Asama'u da na jarirai. Aka yi ta kwarara mata ruwa a hannu, aka aika a nemo mai babur.

Ya Sa'adiya ta fito daga ɗaki. Bayanta ga Fanna cikin rigarta mai ruwan zinare, wadda saura kaɗan ta tsaya a kan wannan kaskon. Uwar ta dubi garwashin da ke ƙasa, ta dubi 'yarta, sannan ta dubi Barira.

"Shi ya sa kika zo mini da zancen sheƙi?"

Barira ta kasa ɗaga kai.

"Tambayarki nake. Kin sani?"

Barira ta kwance tsumman wuyan hannunta ta nuna ƙunar. "Na sani, Ya Sa'adiya. Yadin ya kama da wuta a shago. Na ji tsoro ne."

"Tsoron me? Tsoron Allah ko tsoron a daina sayen kayanki?"

Ya Sa'adiya ta ja 'yarta ciki ta cire mata rigar da hannunta. A ranar, cikin tsohuwar laffayar uwarta aka kai Fanna ɗakin miji, 'yan rakiya kuwa kowacce ta koma gida ta sako abin da take da shi.

Asama'u ta yi jinya a asibiti, Allah ya tashi kafaɗarta. Fuska da ƙirji sun tsira, inda zanen ya rufe da wuri. Amma daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, tabo ya zauna, kuma ba zai tafi ba.

Wata rana da hantsi Barira tana ba ta kunu a gadon asibiti, yarinyar ta kawar da kai.

"Umma, dama ba ɗinkin ne bai zauna ba ko?"

"Ba shi ba ne."

"Don kada in ƙone kika ɓoye tawa."

"E, 'yata."

Asama'u ta ce, "To Fanna fa, Umma? Ita ba 'yar wani ba ce?"

Barira ta ajiye kofin ta fita baranda ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar bikin.

Da suka dawo gida, abin da ta ƙi yi da farko shi ta yi. Ta zaga gida gida da buhu, tana neman gafara tana karɓar rigunan. Wasu suka zage ta, wasu suka miƙo ta bakin zaure ba su bari ta shiga ba. Ta tara su a bayan gari ta cinna musu wuta a gaban mutane. Shagon da ta ji tsoron ya mutu kuwa ya mutu ɗin, damina guda ba mai leƙawa.

Wadda ta fara shigowa bayan an yi girbi ita ce Gwaggo Kulu. Zanen yana kafaɗarta, da manyan huji inda wuta ta ci.

Barira ta durƙusa har ƙasa. Ta ɗauko atamfar da ta fi kowacce a shagon ta ajiye a gabanta.

"Gwaggo, ki yafe mini. Ki karɓi wannan a madadin naki."

"Ni ba canji na zo yi ba. Faci nake so ki sa mini, kin ce kina da ido." Ta murza gefen atamfar da yatsu. "Wannan kuma in kyauta ce ba na ƙi. Amma yanki bakinta ki sa a wuta tukuna, in gani."

Barira ta yanki ɗan ƙyalle ta ɗora a garwashi. Ya ci a hankali ya zama toka.

"To, wannan tufa ce," in ji Gwaggo Kulu. "Naɗe mini."

Har yau haka ake ciniki a shagon. Duk yadin da ya shigo, kome kyansa, sai an ƙona bakinsa a gaban mai saye. Mata sun dawo kaɗan kaɗan. Barira tana nan tana faɗa wa kowa kalar da ta dace da ita, sai dai yanzu tana fara tambaya, "A ina za ki sa shi? Da me kike girki?"

Asama'u kuwa duk rigunanta masu dogon hannu ne, matsattse har wuyan hannu. Uwarta ce ke yanka su, kuma ba ta taɓa gama ɗaya idonta a bushe ba.

Darasi: In kin san akwai cutarwa a cikin abin da ya fita daga hannunki, ki faɗa a fili tun da wuri, kada ki nannaɗe gaskiya don kare sunanki. Kada ki ce kin killace naki 'ya'yan, na wasu su ji da kansu, domin wutar da kika bar wa 'yar wani ba ta san taki ba. Kuma kada ki raina mace don tufar da ke jikinta, ba ki san ranar da za ki buƙace ta ba. Allah ya tsare mu da iyalanmu. Ku tura wa 'yan uwa mata, musamman masu shaguna da teloli da iyayen amare, ko Allah zai sa ya tsirar da wata.